Ganin Rumbun Mai Nema a Indiya

Tun ranar da na sauko daga mota da ƙullin kayana ba a bar ni na sha fura cikin natsuwa ba. A bakin rijiya tambaya, wurin suna tambaya, har wurin gaisuwar mutuwa wata ta matso kusa da kunnena ta ce, "Inna Tasalla, wai da gaske a can shanu ke sarauta?" Bakina ya gaji. Ni ban yi lakwal ba, baƙi ɗaya na boko ban sani ba, shi ya sa na zaunar da Madam Rakiya, malamar gona ta Madawa wadda munka yi tafiyar tare, na ce ta ɗauki alƙalami. Na gargaɗe ta, abin da na faɗa shi za ta sa, kada ta yi mishi kwalliya. Duk wanda ya sake tambayata, a karanta mishi wannan, ni ina da aiki.

Ga abin da ya fitar da ni daga gida da furfurata. A ƙauyenmu, gefen Allakaye, mu mata muna da garka, wato lambu, cikin fadama. Wurin da can faƙo ne, ko akuya ba ta tsayawa. Mu munka jera mishi duwatsu da kawunanmu, wasu da goyo, wasu da ciki, har ruwa ya koyi zama. Abin da muke nomawa jar albasa ce, irinmu na gado. Ni nawa irin daga hannun uwata ya fito. Kowace shekara in zaɓi manyan kawuna, in yanke, in sake dasawa, su yi fure fari, in kakkaɓe ƴaƴan in zuba cikin gora. Albasar nan tana jure zama cikin rudu, wato rumbun kara da muke ajiye ta, har lokacin da kasuwa ta nemi mai ita.

To, ruwa ya yi ƙasa. Rijiyoyi sun yi zurfi, isansin motopom, wato man injin ban ruwa, ya fi ƙarfinmu, ƴaƴanmu maza kuwa rabinsu na Abijan da Libiya. Ana cikin haka wani kamfanin ƙasar Indiya ya aiko. Za su kafa muna famfon da ke aiki da hasken rana, su ba mu taki kyauta. Sharaɗinsu ɗaya, mu bar irinmu, kowace shekara mu karɓi nasu, su kuma saye abin da munka noma.

Samarin gari sunka tashi kamar an yi musu albishir da Aljanna. A ƙofar maigari wani jikana na dangi, Sanusi, ya ce, "Inna, duniya ta juya. Turawan da kika sani sun naɗe tabarmarsu. Waɗanga ƴan'uwanmu ne, su ma an mulke su, sun san yunwa."

Na ce, "Kai yaro, ka taɓa ganin mai neman aure ya zo da yagaggar riga?"

Kowa a yankinmu ya san sana'ata ta biyu. In an zo neman ƴar wani, ni ake aikawa ganin gidan mai nema. Ba na zama zaure, ba na duban gado da kwanoni, duk wannan ana arowa. Rumbu nake leƙawa, sannan in nemi tsohuwar gidan in dubi abin da take ci. Maigari ya yi dariya ya ce, "To Tasalla, ga shi sun ce a turo mutane su gani da idonsu. Ke za ki tafi." Matan garka sunka yi rantsuwa babu wadda za ta dangwala yatsa a takarda sai na dawo. Na ɗebi irin uwata cikin tafin hannu na ƙulle a bakin zane, don in nuna musu abin da suke so mu yar.

Daga Allakaye zuwa Buza a bayan a-kori-kura na tafi, ni da awaki da wani tsoho mai tari. A Buza na iske abokiyar tafiyata, Hajjo, Bafillatana daga Tabotaki, su ma matansu an yi musu tayin famfo na shayar da dabbobi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kaɗo, ke ce za ki hau jirgi? In kin ji tsoro ki riƙe zanena."

Na ce, "Ƴar Fulani, ke dai ki yi addu'a kada a ce ba a shiga da warin man shanu."

Daga nan munka ƙulle. A Madawa Madam Rakiya ta tarbe mu, tare da Alhaji Ila, dillalin albasa na Tamaske, mutum mai ƙiba da son magana, wayarshi ba ta barin kunnenshi. Munka shiga babbar kar, wato motar bas, ta Yamai.

Tun kafin mu wuce Galmi Alhaji ya buɗe muna makaranta. Wai akwai wasu manyan ƙasashe da sunka haɗa kai, Sin da Indiya da Rasha da Barazil da Afirka ta Kudu, daga baya irin su Masar da Habasha sunka bi. Sun gaji da a zauna can ƙasar Turawa a yanka wa kowa rabonshi. Sun yi bankinsu, suna son su riƙa ciniki tsakaninsu ba sai da dala ba. "Inna," ya ce, "in kin tara mutanensu, kusan rabin duniya ne. Yanzu ko babban taro za a yi sai an tambayi me sunka ce."

Na ce, "Mu muna ciki?"

"Ba mu ciki tukuna. Amma suna nemanmu."

"To ai ka faɗi magana. Nema suke."

Bai so amsar ba, ya ci gaba. Allah ne ya kawo muna sauƙi ta hannun Hajjo. Ta damo fura da nono ta ɗura cikin jarka ta toshe, rana kuwa ta doke ta tun safe. Muna isa Dogon Dutsi ta ce bari ta ba Alhaji ya jiƙa maƙoshi. Tana murɗa marfin, fura ta yi tsalle kamar an harba ta, ta wanke farar rigarshi tun daga hula. Duk kar ta kwashe da dariya. Hajjo ta ce, "Alhaji, yi haƙuri, ita ma ta gaji da a toshe mata baki." Daga nan har Doso munka samu barci.

A Yamai gidan gwaggon Madam Rakiya munka sauka, muna jiran takardu. An ɗauki hotona, an sa na dangwala yatsuna duka, an yi mini allura. Wata rana muna ƙetare kogi Alhaji ya nuna gadar ya ce Sinawa sunka gina, ya nuna baburan da ke ta wucewa ya ce daga Indiya da Sin suke. Sai na tuna ɗakina. Tocilata, ganyen shayina, ƴar rediyon marigayi mijina, har zanen da ke jikina. Ashe mutanen nan sun daɗe a ƙarƙashin gadona, ni ce ban yi musu sannu da zuwa ba.

Jirgi ba zan ɓata bakina a kanshi ba. Ɗaki ne mai tsawo, an ɗaure ka kamar tunkiyar layya, ana kawo ma abinci cikin ƴan akwatuna. Wadda ta ce in riƙe zanenta, ita ta riƙe hannuna har ya yi tsami, tana salati da Fulatanci. Munka sauka Habasha munka sake wani. A wurin jiran nan na ga abin da Alhaji ke faɗi da idona. Baƙar fata cike, ƴan kasuwa mata daga Gini da Kwango da Kano, da marasa lafiya masu tafiya asibiti, kowa gabas ya nufa. Na zauna kusa da wata ƴar Sakkwato da za ta kai mijinta aikin ƙoda. Ta ce, "Hajiya, da sai mai hali ke zuwa Turai magani. Yanzu wa ke ba ka izinin shiga? Kowa Indiya."

A filin jirgin Mumbai aka yi mini abin da har yau in na tuna sai raina ya sosu. An ce duk mai abinci ko tsiro ya bi wani layi. Ni ba ɓarauniya ba ce, na bi. Wata ma'aikaciyar duwan, masu binciken kaya, ƴar siririya da ɗigon ja a goshi, ta karɓe cukun Hajjo da kilishin Alhaji. Ta zo kaina, na kwance bakin zane na nuna mata. Sai na ga fuskarta ta canza. Ta sa safar hannu, ta kira wani, sunka juye irin uwata cikin leda sunka liƙe, kamar sun kama maciji.

Na ce, "Rakiya, gaya mata iri ne, ba guba ba."

Rakiya tana jin Ingilishi, ta yi karatu Zariya. Ta yi magana, matar ta amsa da ladabi, har da haɗa tafin hannu. Rakiya ta ce, "Inna, ta ce ta san iri ne, shi ya sa. Doka ta hana irin wata ƙasa shiga haka nan, kada ya zo da cuta ya ɓata nasu."

Na tsaya ina huci. Alhaji na ta jan hannun rigata, "Inna, don Allah, kada ki sa a mai da mu." Na bi shi. Amma maganar ta zauna mini a ciki kamar tsakuwa cikin tuwo. Mutanen da ke tsaron ƙofarsu haka saboda tafin hannu ɗaya na iri, sun san darajar iri. To don me suke so mu yar da namu?

Wakilin kamfanin ya tarbe mu, wani saurayi mai gashin baki da fara'a, sunanshi Raju. Ya rataya muna furanni a wuya. Hajjo ta ce a garinsu sai ragon da za a kai kasuwa ake yi wa haka. Mota ta yi ta tafiya da mu har wani gari na ƙasar masu albasa, aka sauke mu otel. Mutane kuwa, ban san Allah ya yi su da yawa haka ba, kasuwar Madawa ranar cinta ba ta kai layi ɗaya nasu ba. Shanu na kwance tsakiyar gudron, wato titin kwalta, motoci na kauce musu. Hajjo ta yi ta leƙe ta taga tana cizon yatsa. "Kaɗo, dubi wannan, ba makiyayi, ba igiya! Wallahi in an bar ni sati ɗaya a garin nan sai na koma gida da garke."

Abincinsu babu nama, sai wake iri-iri da yaji mai sa kunne ƙaiƙayi. Amma da hannu suke ci, na dama, suna wankewa kafin da bayan, wannan na yaba musu. Abin da ya ba ni kunya shi ne salla. Da asuba na leƙa inda gari ke wayewa, na shimfiɗa ɗankwali na fuskanci gabas kamar yadda na yi tun ina ƴar shekara bakwai. Haka na yi kwana biyu. Rana ta uku ina azahar wata mai share ɗaki ta shigo, ta jira na sallame, ta yi mini sallama irin tamu, ashe Musulma ce. Ta kama kafaɗuna ta juya ni, ta nuna yamma ta ce, "Makka." Na kira Rakiya da faɗa. Rakiya ta dafe kai ta ce, "Inna, laifina ne ban gaya muku ba. Mun wuce Makka tun a sama, yanzu tana bayanmu." Na rama sallolina ina istigfari. Hajjo ta ce ita dama ta ji a jikinta addu'arta ba ta tafiya.

An kai mu wani babban taron manoma. Tutoci jere, manya na hawa suna sauka. An sa muna abin ji a kunne, amma Faransanci ke fita, na cire nawa na ba idona aiki. Rakiya na gutsura mini kaɗan kaɗan, wai ƙasashen kudu su tsaya da ƙafarsu, wai a yi ciniki na mutunci tsakanin tsara. Magana mai daɗi. Ni dai na ji irinta da wani harshe ina yarinya. Abin da ya fi jan hankalina yana waje, inda aka kafa rumfuna. Rumfar Sinawa da famfonsu, ta ƴan Barazil da injin casa, ta Masarawa da tiyo mai ɗiga ruwa. Kowa ya ji daga inda muke sai ya miƙo kujera, ya miƙo shayi. Na ce wa Hajjo, "Kin ga abin da na gani? Da mai nema ɗaya ne, ko ya zo ko bai zo ba sai mu gode. Yanzu sun yi layi."

Washegari Raju ya kai mu gonar kamfani. Tsakani da Allah ban taɓa ganin albasa irin wannan ba, kowace kamar kan jariri, layi miƙe kamar an ja da zare. Famfon kuwa, a nan na janye maganata, don da na ce ƙarya ne rana ba ta jan ruwa. Ga faranti baƙi yana kallon sama, ga ruwa na bulbulowa, ba hayaƙi, ba ƙara. Alhaji har da hawaye. Na tambayi Rakiya ko in na dasa wannan albasar za ta ba ni iri. Ta ce, "Za ta ba ki, Inna, amma ɗiyan ba su kama da uwar. Haɗi ne, kamar alfadari. Dole kowace shekara ki koma wurin mai shi."

Aka ce mu hau mota a koma otel. Ni kuwa na nemi gindin wata itaciya na shimfiɗa ɗankwali na zauna.

"Inna, lafiya?" in ji Alhaji.

"Lafiya lau. An nuna mini zaure. Ban ga rumbu ba, ban ga tsohuwar gida ba. Ba inda za ni."

"Haba Inna! Mutane sun biya muna jirgi, sun ba mu masauki, ki zo ki kunyata mu?"

"Alhaji, kai albasa kake saye, ko ta wa ce. Ni in na yar da irina, na yar ke nan, ba a kasuwa ake samun shi ba. Rakiya, gaya wa yaron nan ina son ƙauye na talakawa, wanda ba a share don mu ba."

Rakiya ta faɗa. Raju ya dube ni, ya yi ta kaɗa kai dama da hagu. Na ce, "Kun gani ko? Ya ƙi." Rakiya ta ce, "A'a Inna, su haka suke cewa to." Ya yi ɗan tunani, ya ce ƙauye ɗaya ne zai iya kai baƙi ba tare da sanarwa ba, ƙauyensu.

Munka bar gudron munka bi turɓaya, raina ya fara dawowa. Gidajen ƙasa, kashin shanu an manna a bango yana bushewa, mata da tulu a ka, yara ba takalmi. Ga itacen dogon yaro ko'ina, ashe daga wurinsu ya zo muna. A wani gida wata tsohuwa ƴar ƙarama, baƙa kamar ni, ta fito tana faɗa tun daga ƙofa. Ba na jin harshen amma na san faɗan, na uwa ne ga ɗan da ya kawo baƙi ba a shirya ba. Sunanta Shanta. Raju da ke ta taƙama da takalmi mai sheƙi ya sunkuya ya taɓa ƙafarta.

Ta zaunar da mu ƙasa, ta gasa muna waina mai faɗi a kan kasko. Na gutsura na sa baki, sai na tsaya. Hatsi ne. Geronmu na Adar, da ɗanyar albasa da barkono a gefe. Hajjo ta ce, "Kaɗo, mun yi wannan doguwar tafiya don mu zo gidanku?"

Da munka ci na miƙe ba tare da neman izini ba, yadda na saba, na zaga bayan gida. Ga famfon kamfani a bakin rijiya yana aiki, ga gonar albasarsu manya manya. Can gefe kuma ga wata rumfa doguwa ta gora, an ɗaga ta daga ƙasa don iska ta ratsa. Ban buƙaci tafinta ba, rudu ne. Na leƙa. Albasar da ke ciki ba ta kamfani ba ce. Ƙanana ne, jajaye, masu tauri. Na ɗauki ɗaya na matsa, na shinshina, na dubi tsohuwar. Ta dube ni. Ta kama hannuna ta ja ni cikin ɗakin girki, ta ture wani buhu, ta jawo tukunyar ƙasa da aka liƙe bakinta da laka. Ta fasa, ta kawar da toka da ganyen dogon yaro, ta zuba mini a tafin hannu. Baƙin iri, ƙanana, kamar wanda aka karɓe mini.

Na kira Raju da Rakiya. Na ce a tambaye ta don me take ajiye wannan, ga ɗanta na raba na kamfani. Tsohuwar ta yi magana mai tsawo tana nuna shi da yatsa. Raju ya yi ta shafa gashin baki, amma ya fassara, ban ga alamar ya rage ba, wannan na riƙe mishi. Ta ce babbar tana da kyau, tana kawo kuɗi da wuri, amma ba ta zama, dole ka sayar ranar da kowa ke sayarwa. Wata shekara kasuwa ta faɗi, maƙwabta sunka zubar da tasu bakin hanya, ita kuwa ƙaramar ta zauna cikin rumfa har farashi ya tashi, da ita aka ci abinci a gidan. Ta ƙare da wata gajeriyar magana da ta sa Raju dariya. Rakiya ta ce, "Wai kamfani na ɗanta ne, tukunya tata ce."

Na mai da mata irinta cikin tukunya har ƙwayar ƙarshe. Ta so ta ƙulla mini, na ce a'a, in ƙofarsu na da mai tsaro, tamu ma ya kamata ta samu. Sai ta ɗauko wata ƴar tukunya sabuwa wadda ba kowa ciki ta ba ni. Ni kuma na cire zoben azurfa na hannuna na sa mata. Ba mu ji maganar juna ko ɗaya ba, amma na fi sanin ta da wasu da munka yi shekara talatin muna gaisawa.

Ranar da aka zauna da shugaban kamfanin, Alhaji ya roƙe ni in bar maza su yi magana. Na bar su sunka yi godiya har ta ishe su, sannan na ce Rakiya ta faɗi nawa.

"Famfonku na da kyau, muna so, za mu biya shi sannu a hankali daga abin da munka noma. Irinku za mu gwada a kunya ɗaya, in ya yi mu ƙara da kanmu. Amma irinmu ba ya cikin ciniki, kuma albasarmu mu sayar wa wanda munka ga dama. A ƙofar ƙasarku an karɓe mini tafin hannu ɗaya na iri don a kare naku. Ban ji daɗi ba, amma na ɗauki karatu."

Mutumin ya ce tsarinsu ba haka yake ba, famfo da iri tare suke tafiya. Alhaji na zufa. Ni kuwa na tuna matan garka da guga a hannu, in na koma musu hannu wofi me zan ce? Sai Rakiya, Allah shi yi mata albarka, ta buɗe jakarta a hankali kamar mai neman goro, ta fiddo ƴan katunan da masu rumfunan nan sunka ba ta, na Sinawa da na Masarawa, ta jera a kan tebur tana gyara su. Shugaban ya dubi katunan, ya dubi Raju, sunka yi magana da harshensu. Daga nan ya fara kaɗa kai dama da hagu. Wannan karon na san ma'anarshi.

Ba a ba mu duka ba, kada wani ya yi muku ƙarya. Famfon da za a kafa ya ragu da rabi, takin da sunka ce kyauta ne an janye. Su Hajjo sun samu nasu na shanu ba gardama, don su ba a nemi irin saniyarsu ba. Alhaji bai yi mini magana ba har Habasha.

Da na dawo aka taru ƙofar maigari. Na faɗi abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi. Sanusi ya tashi ya ce, "Inna, an ba mu riga kin dawo muna da hula. Rabin garka fa da guga za a ci gaba."

Na ce, "Gaskiyarka, kuma ni ma cikin masu gugan nake, na ce a fara da kunyoyin masu goyo. Amma ka ji. Mutanen nan ba mala'iku ba ne, ba kuma shaiɗanu ba. Ƴan kasuwa ne masu uwaye irin naku. Sun tashi tsaye don sun riƙe abinsu, ba don sun sake shi ba. In kana son ka yi koyi da su, ta nan za ka fara."

Bai gamsu ba, har yau yana gaishe ni da gefen baki. Matan garka kuwa sun dangwala yatsa a kan sharaɗinmu.

Ƴar tukunyar Shanta ta iso lafiya cikin zannuwana, ba wanda ya tare ta a hanya tunda ba komai ciki. Na juye irin uwata daga gora na zuba a ciki, da toka da ganyen dogon yaro yadda na ga ta yi. Da sanyi ya shigo na fasa lakar na yafa a fage, ruwan famfon Indiya ya bi ta kai, ya tsiro kamar gashin jariri.

Jiya maigari ya aiko, wai wasu Sinawa na son zuwa maganar rumbun sanyi na ajiye albasa, samari har sun fara murna. Na ce a shimfiɗa musu tabarma, a dama musu fura, baƙo ba a korar shi. Amma a gaya musu tun daga zaure, garin nan akwai wata tsohuwa mai leƙen rumbu, kuma yanzu ta san hanyar filin jirgi.